Takardar Harajin Kakana da Marubucin da Ba Mu Samu Ba

Da kakar bara na je Lajawa, garin iyayena a ƙasar Wudil, na tarar ana gyaran ɗakin kakana, Allah Ya jiƙansa. An fito da tsohuwar adakarsa tsakar gida, yara sun kewaye ta. A ƙarƙashin wata rigar saƙi da asu ya gama da ita muka sami wani ɗan gwangwani cike da takardu, an naɗe su an ɗaure da zare. Ni na ɗauka layu ne, ashe takardun haraji ne na shekaru da dama, kowace da sunansa da na mahaifinsa, da abin da ya biya, ga hatimi a ƙasa. Mutumin nan ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, da ajami yake rubutunsa, amma ya adana su kamar takardar gona. Gwaggona, wadda ita ce babbarmu yanzu, ta ce da ni, "Yo ɗan nan, ai a lokacin wannan takardar ita ce mutum. In ba ka da ita a aljihu, ba ka shiga kasuwar Wudil ran Juma'a da kwanciyar hankali."

Na juya takardun gaba da baya. Babu inda aka ce ga dalilin da ya sa kuɗin ya kai haka, ko ga yadda aka yi lissafin, ko ga inda mutum zai kai kuka in yana ganin an cuce shi. Sai tambaya ta zo mini: a duk tarihin rubutun Hausa, wane marubuci ne ya ɗauki alƙalami ya zauna a gefen mai biyan haraji, ya yi masa lissafin aljihunsa da harshen da zai gane?

Abin da ya sa tambayar ta tsaya mini a rai shi ne, a kwanakin ina karanta tarihin wata Ba'amurkiya mai suna Sylvia Porter, wadda ta shafe fiye da shekara hamsin ba ta da sana'ar da ta wuce wannan. Bari in ɗan tsakuro wa mai karatu labarinta kafin mu dawo gida, domin sai da na san nata sannan na fahimci namu.

An haife ta a 1913 a jihar Niyok. Mahaifinta likita ne, ya rasu tana yarinya. A 1929, da kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, mahaifiyarta ta yi asarar abin da ta tara. A lokacin Sylvia tana kwalejin Hunter, sai ta karkata ga ilimin tattalin arziki, don ta gano yadda dukiya ke salwanta ba gobara ba ɓarawo. Ta gama a 1932, ta yi aiki da dillalan takardun bashin gwamnati, sannan a 1935 ta fara rubutu a jaridar New York Post. Masu jaridar suna ganin ba wanda zai karɓi shawarar kuɗi daga bakin mace, saboda haka aka riƙa sa mata suna S. F. Porter, masu karatu suna ta aiko da wasiƙu suna zaton namiji ne. Sai a 1942 aka yarda aka buga cikakken sunanta. (Marubutanmu mata da suka fara da ɓoye suna a bayan littafi sun san irin wannan.)

Shekarar 1942 ɗin nan tana da wani muhimmanci da ya wuce maganar suna. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, harajin kuɗin shiga a Amurka na masu hali ne, waɗanda ke biyansa a 1939 ba su wuce kimanin mutum miliyan 4 ba. Da yaƙi ya ci kuɗi, sai gwamnati ta yi dokar 1942 ta faɗaɗa shi, a 1943 kuma aka fara cire shi daga albashi tun kafin ya iso hannu. Zuwa 1945 masu biya sun haura miliyan 40. Wato dare ɗaya direba da ma'aikacin masaƙa da malamar makaranta suka wayi gari da fom a gabansu: nawa ka samu, mutum nawa kake ciyarwa, me ka kashe wanda doka ta yarda a rage maka. Wanda ya san doka ya biya kaɗan, wanda bai sani ba ya biya da yawa. A nan kasuwar marubuci ta buɗe. Wani akanta mai suna J. K. Lasser ya riga ya fara fitar da littafin haraji na shekara-shekara tun 1939, shi da Porter suka haɗu suka rubuta Managing Your Money a 1953, daga farkon shekarun 1960 kuma ita ma ta riƙa fitar da nata jagoran haraji duk shekara.

Dabararta ba ta da wuya a faɗa. Takan ɗauki maganar da jami'an baitulmali da 'yan banki suka lulluɓe da manyan kalmomi, ta warware ta, ta mayar da ita tambayar da magidanci zai yi: ni nawa wannan zai ci mini? A lokacin da take tashe, jaridu wajen 450 ne ke buga filinta, ana ƙiyasta masu karanta ta sun kai miliyan 40. Littafinta na 1975, Sylvia Porter's Money Book, ya haura shafi dubu, an kuma sayar da fiye da kwafi miliyan. Ba wai ba ta da abin zargi ba ne. A 1974 ta jagoranci kwamitin da Shugaba Ford ya kafa don yaƙi da tsadar kaya, shirin da ya ƙare a abin dariya, kuma a ƙarshen rayuwarta mataimaka ne ke yin kaso mai yawa na rubutun da ke fita da sunanta. Mujallar da ta kafa ma ba ta daɗe ba bayan faɗuwar kasuwa ta 1987. Ta mutu a 1991.

To, mu fa?

Kada wani ya ce mana haraji baƙo ne da Bature ya kawo. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ya fara karɓar jangali daga Fulani. Ya kuma ba da labarin Sarki Kumbari, a ƙarni na 18, wanda ya matsa wa kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe suka koma Katsina. Da Bajamushen nan Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowace rijiyar rini a karofi wuri 700, kowace bishiyar dabino wuri 600. Ka ga ashe lissafi ne tsararre tun kafin zuwan Lugga da shekara hamsin.

Kuma malamanmu sun yi rubutu a kai, rubutu mai nauyi. Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a ƙarshen ƙarni na 15, a ciki har da bayanin dukiyar da ta halatta sarki ya karɓa da inda ya kamata ya kashe ta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙi, ya kira jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da sunayensu na Hausa, ya lissafa su cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ya iso Kano da niyyar wucewa Makka, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Amma mai karatu ya lura da abu ɗaya: duk waɗannan da Larabci aka yi su, kuma da mai karɓa suke magana. Suna ce wa sarki ga iyakarka. Manomin Lajawa yana cin amfanin nasihar in sarki ya ji, amma ba shi aka rubuta wa ba.

Inda aka yi magana da mai biya kai tsaye, kuma aka ƙware, shi ne babin zakka. A ganina nan ne ainihin gadonmu a wannan fanni, kuma ba ma ba shi girman da ya kamata. Duk wanda ya zauna a zaure ya ji ana fassara Risala ko Iziyya ya san yadda malami ke bi da almajiri daki-daki: shanu sai sun kai 30 ake fitar da ɗan maraƙi, tumaki da awaki sai sun kai 40 ake fitar da ɗaya, hatsin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma, wanda aka sha wahalar ban-ruwa rabin haka, kuɗi kuwa in sun kai nisabi shekara ta zagayo a kansu, ɗaya bisa arba'in. Haka rabon gado, da sumuni da sudusi da sulusi. Kakana da bai san dalilin kuɗin da ke kan takardar harajinsa ba, ya san damin da zai fitar daga gonarsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Dalili kuwa a fili yake: zakka tana da ƙa'ida, mutum shi ke lissafa wa kansa, saboda haka akwai abin koyarwa.

Harajin zamanin En'e ba haka yake ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka tattara tsofaffin kuɗaɗen nan suka mayar da su haraji ɗaya, suka kafa baitulmali, suka ce kuma da kuɗin ƙarfe za a biya, ba da wuri ko hatsi ba. A wasu gundumomin da ke kewaye da birni an yi tsarin taki, inda malamai ke auna gona da sawu a yanka mata kuɗi. Amma abin da yawancin tsofaffinmu suka tashi suka tarar shi ne kuɗin kai: a ƙidaya mazan da suka balaga, a yanka wa gunduma jimla, hakimi (a Wudil Makaman Kano ne) ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni, da kaka a bi gida-gida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, manomi ya gane cewa hanya mafi sauƙi ta samun sulallan haraji ita ce ya ware wa gyaɗa wani sashe na gonarsa. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta, da akwai hannun mai karɓar haraji a gininta.

A irin wannan tsari, me marubuci zai bayyana? Babu fom, babu ragi don kana da 'ya'ya goma, babu sashen doka da za ka buɗe ka ce an yi maka kuskure. Abu uku ne a gaban talaka: ya biya, ko a sayar da akuyarsa, ko ya sulale ci-rani kafin a zo. Labarin waɗanda aka shanya a rana saboda sun kasa biya kuwa, babu gidan da ba a ba da shi a ƙasar Hausa. Ilimin da mutum ke bukata bai wuce guda ɗaya ba, ya karɓi takarda ya adana. Shi ne abin da kakana ya yi.

Wanda ya fi kowa damar zama irin wannan marubuci a wurinmu shi ne Alhaji Abubakar Imam. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, shi aka ba edita, kuma babu wanda ya kai shi iya ɗaukar magana mai wuya ya mayar da ita hira. Ka duba ma sunayen: jaridar da kwabo aka auna ta, babban littafinsa kuma jari ya kira magana. Ya san ciwon talaka, domin bayan tafiyarsa Ingila a 1943 ya rubuta wa Lugga wasiƙu yana zayyana masa illolin mulkin En'e. Sai dai jaridar ta gwamnati ce, kuma kamar yadda na ce, harajin kansa ba shi da ƙofar da mai bayani zai shiga. Hazaƙarsa sai ta tafi ga labarin yaƙi da siyasa da tarihi da addini, da su aka san shi. Haka zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, lokacin da hukumar NORLA ke buga ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina. An koya wa dubban manya karatu da lissafi, kuma ɗaya daga cikin amfanin da suka gani nan take shi ne mutum ya iya karanta abin da aka rubuta a takardar harajinsa da sikelin ɗan baranda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma karanta adadi daban, sanin yadda aka kai ga adadin daban.

Da bayani ya gagara, sai maganar haraji ta koma dandalin siyasa. NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, da haraji da jangali da aikin tilas ta shiga zuciyar talakawan karkara, kuma mutanen Malam Aminu Kano sun sha ɗauri a kan haka. Aka yi ta wannan gwagwarmaya kusan shekara talatin, har zuwa Oktoban 1979, lokacin da gwamnonin PRP, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka ba da sanarwar soke haraji da jangali suna hawa mulki. Takardun da ke cikin gwangwanin kakana a nan suka tsaya.

Na yarda soke shi alheri ne, kuma ba zan so a dawo da shi ba. Amma ya bar mu da wani hali: mun ɗauka haraji abu ne da ake biya don tsoro ko a ƙi biya don jarunta, ba abin da ake zama a lissafa ba. Ma'aikaci ana cire nasa daga albashi bai taɓa tambayar yadda aka yi ba. Ɗan kasuwa a kara yana karɓar 'yan rasit kala-kala bai san wanne ne na doka ba.

Sauran al'amuran kuɗi ma haka muka yi ta cin karo da su ba jagora. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka sauya fam da sule zuwa naira da kwabo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Mutane suka yi wa kansu fassara: jaka, wadda da fam 100 ce, ta zama naira 200, har gobe kuma da ita ake ciniki a wasu kasuwannin. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin kuɗi ta ba da kwanaki ƙalilan, mutanen ƙauye da ke ajiya a tukunya da ƙarƙashin katifa suka ji jiki. A Disambar 2016 MMM ta rufe da kuɗin jama'a. A ƙarshen 2022 aka sake sauya takardun 200 da 500 da 1,000, a farkon 2023 aka wayi gari mai shanu a kasuwa ba ya iya sayen abincin rana. Kowane karo rediyo ya yi iya ƙoƙarinsa, malamai sun yi huɗuba, amma sanarwa ce ta kwana biyu, in ƙura ta lafa shi ke nan.

Mu marubuta kuma ba za mu ce ba mu san zancen kuɗi ba. Cire kuɗi daga littattafanmu na hikaya ka ga abin da zai rage. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a kan 'yar masu kuɗi da ɗan talaka aka gina shi. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu labarin matar da aka kora da 'ya'ya ne, ta riƙe su da sayar da abinci. Lefe, sadaki, kayan ɗaki, adashi, gadon marayu, bashin da ya raba zumunci, duk mun rubuta su mun sa masu karatu kuka. Abin da ba mu yi ba shi ne mu ce wa uwar adashi ga yadda za ta rubuta zubi don kada rigima ta tashi, ko mu ce wa mai ɗinki ga yadda za ta ware jari daga riba.

Dalilin da ya sa na tayar da maganar yanzu shi ne, abin da ya faru a Amurka a 1942 ya fara ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, babbar cikinsu ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Wannan karon akwai ƙa'ida, akwai matakai, akwai ragi. Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har ya kai kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Mai zaman haya kuma ana rage masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa na shekara daga abin da za a yi wa haraji, muddin ragin bai wuce naira 500,000 ba. Harajin ɗaiɗaikun mutane hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ce ke karɓarsa, ba ta tarayya ba.

A daren da muka buɗe gwangwanin nan, wani ƙanena da ke koyarwa a birni ya ce shi duk wannan surutu ne, bai gane komai ba. Na ce ya kawo biro. Muka ɗauka abin da ya rage masa a shekara, bayan an cire kuɗin fansho da sauran abin da doka ta yarda, naira 1,200,000 ne. Cire 800,000, saura 400,000. Kashi 15 na wannan shi ne 60,000 a shekara, wato 5,000 a wata. In yana biyan hayar 200,000 ya kuma bayyana wa hukuma, za a rage masa 40,000, abin da za a yi wa haraji ya koma 360,000, harajin ya sauko zuwa 54,000. Lissafin bai ɗauke mu minti biyar ba. Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ce, "To Yaya, ai matsalar ita ce shekara shida ina gidan nan, mai gidan bai taɓa ba ni rasit ba."

Gwaggo tana gefe tana jin mu. Ta miƙa hannu ta karɓi takardun mahaifinta, ta sake naɗe su da zaren, ta mayar cikin gwangwani.